Wata biyu babu sabis a Birnin Gwari: me ya sa ɗan kasuwa ke buƙatar jerin imel na kwastomominsa

A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka addaba, kuma Birnin Gwari na cikinsu. Kwamishinan tsaro da harkokin cikin gida na lokacin, Samuel Aruwan, shi ya yi sanarwar. Manufar ita ce a raba mutanen daji da masu kai musu rahoto daga gari, kamar yadda Zamfara ta fara yi tun farkon watan. Kafin nan an riga an dakatar da kasuwannin mako-mako a yankin, an kuma hana sayar da fetur a jarka. Sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido da sabis. Kusan wata biyu ke nan, kuma a tsakiyar kaka, lokacin da masara da waken suya ke dawowa gida, masu saye daga Kaduna da Kano da kudu suna neman wanda zai gaya musu farashi.

A ranar 4 ga Oktoban wannan shekarar WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Duniya ta yi ta hayaniya. Wanda ke zaune a Birnin Gwari ranar ko labari bai ji ba, don shi nasa ya riga ya ɗauke da kwanaki.

Akwai wani abu a ƙa'idojin WhatsApp da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan aka aika saƙo bai shiga wayar mutum ba, kamfanin yana riƙe shi a rumbunsa har kwana 30 yana jiran wayar ta hau intanet. Idan ba ta hau ba, sai ya goge. Wato dillalin da bai samu fita zuwa inda ake da sabis ba a wancan lokaci, odar da aka turo masa a makon farko ta ɓace kafin a maido da layi, bai ma san an turo ba. Sitatus kuwa awa 24 ne rayuwarsa. Imel ba haka yake ba. Saƙon yana sauka ne a akwatin mutum da ke rumbun Google ko Yahoo, ya zauna can ko wayar tana kashe, ko an sace ta, ko ta faɗa rijiya. Muddin akwatin bai cika ba, ranar da mutum ya shiga da kowace waya zai tarar da abinsa.

Wannan bambancin shi ya sa ya dace matashin da ke kasuwanci da waya a irin wannan yanki ya sake duba abin da ya raina.

Rumfar aro

Mafi yawan matasan da ke sayar da kaya ta waya sun tara kwastomominsu ne a zauren WhatsApp, ko a shafin Facebook, ko a TikTok. Ba laifi, can mutane suke. Sai dai rumfar aro ce. Lambar waya ce ke riƙe da asusun WhatsApp, kuma an ga yadda aka toshe miliyoyin layuka a Najeriya kan batun haɗa su da lambar NIN. An ga yadda gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, rikicin ya kai ga a 2025 aka yi ta maganar yiwuwar kamfanin ya janye Facebook da Instagram daga ƙasar. Bai janye ba, amma mai kanti a shafin ya kwana da fargaba kan shari'ar da ba shi da ko kujera a cikinta.

Ko a ranar lafiya ma, jerin aikawa na bai-ɗaya a WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya adana lambar mai aikawa ne saƙon zai shiga wayarsa.

Jerin imel kuwa fayil ne kawai: suna, adireshi, gari, irin kayan da mutum ke saya. Na mutum dubu bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Ana iya sauke shi daga kamfani ɗaya a ɗora a wani, ana iya ajiye shi a katin memori, ana iya ma buga shi a takarda. Imel kansa ba na kowa ba ne. Ray Tomlinson ne ya fara amfani da alamar @ a 1971, daga baya tsarin ya zama wanda kowane kamfani ke iya magana da kowane kamfani, shi ya sa mai Gmail ke rubuta wa mai Yahoo ba tare da neman izinin kowa ba.

Za a ce ai 'yan Arewa ba sa karanta imel. Akwai gaskiya a ciki. Kusan duk mai wayar Android yana da adireshin Gmail, tunda da shi ake shiga Play Store, amma da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu, ko kalmar sirrin ba su sani ba. Manomin da ke ƙauyen Kuyello ko Randagi saƙon murya zai fi yi masa amfani, kuma babu dalilin da zai sa a tilasta masa wani abu daban. Wasiƙar imel ta masu saye ce na birni: mai injin haɗa abincin kaji da ke neman masara tirela-tirela, kamfanin matse man waken suya, mai gidan abinci, mahaucin da ke sayen dabbobi daga Kara, ma'aikacin ofis da ke sayen zuma ko shinkafa buhu biyu duk wata. Waɗannan suna buɗe imel kullum saboda aiki, kuma suna son farashi a rubuce da kwanan wata, wanda za su nuna wa maigidansu ko akanta.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu da ta yi kimanin shekara goma a rufe, bayan sulhun da aka yi da wasu daga cikin 'yan bindigar. Motoci sun dawo hanya. Amma mai sayen da ya yi shekaru yana kauce wa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ya riga ya sami wasu dillalai a wasu kasuwanni. Dawo da shi sai da tuni a kai a kai, kuma aikin da wasiƙar mako-mako ta fi iyawa ke nan.

Kuskuren farko, kuma mafi muni

Wanda ya fara, abin da yakan yi shi ne ya buɗe Gmail, ya zuba adireshi hamsin a layin wanda za a aika wa, ya latsa. Nan take kowane ɗaya daga cikin hamsin ɗin ya ga adireshin sauran 49, sau da yawa har da cikakkun sunayensu. Dillali ya miƙa wa abokin gasarsa jerin kwastomominsa kyauta, idan akwai shi a ciki.

Asarar ciniki ita ce ƙarama. A 2015 wani asibiti a Landan mai suna 56 Dean Street ya aika wasiƙarsa ta masu ɗauke da cutar HIV ga mutum kusan 780 ta irin wannan hanya, kowa ya ga adireshin kowa. A shekarar da ta biyo baya hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000. Ma'aikaci ɗaya ne ya saka adireshi a layin da bai dace ba.

A yankin da ke jingine da dajin Kamuku, wanda ya zarce ya haɗu da dazuzzukan Zamfara da Neja, jerin sunayen masu zuwa sayen kaya da kuɗi masu kauri ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen Birnin Gwari sun fi kowa sanin cewa masu kai rahoto daga cikin gari su ne idon mutanen daji. Imel kuma ana tura shi gaba da latsawa ɗaya, mai aikawa ba shi da ikon sanin inda zai kwana.

Saboda haka idan da Gmail za a aika, a layin Bcc ake zuba adireshi, wanda ke ɓoye su ga juna. Sannan abin da ke cikin wasiƙar ma sai an tace. Farashin buhu, irin kayan da ake da su, yadda ake biya, duk waɗannan ba matsala. Ranar da mota za ta tashi, hanyar da za ta bi, inda sito yake, adadin buhunan da ke cikinsa, sunan wanda zai zo ɗauka, waɗannan maganar mutum biyu ce, ba ta wasiƙar jama'a ba. Hoto ma yana da nasa tarko. Idan an kunna wa kyamara damar sanin wuri, wayar tana rubuta daidai inda aka ɗauki hoton a cikin fayil ɗin. WhatsApp yana cire wannan bayanin idan aka tura a matsayin hoto, shi ya sa mutane ba su saba damuwa ba. Hoton da aka maƙala wa imel kuwa yana tafiya da shi. Wanda ya ɗauki hoton masara a ƙofar sitonsa ya maƙala, ya aika da taswirar siton. Maganin shi ne a kashe wannan damar a saitin kyamara kafin a ɗauki hoton kaya.

Gmail ko kamfanin aikawa

Asusun Gmail na kyauta yana barin a aika wa mutum 500 a rana. Wanda ya wuce haka za a dakatar masa da aikawa na wani lokaci. Ga mai kwastoma talatin ko hamsin, Gmail da Bcc sun isa, kuma manhajar wayar tana ba da damar kaurara rubutu, a ja layi a ƙarƙashi, a canza launi. Tana kuma barin a tsara saƙo yau ya tafi da kansa jibi da safe, ko da wayar ba ta kan intanet a lokacin.

Da jeri ya fara girma, sai a koma wajen kamfanonin da aikinsu ke nan. Mafi shahara shi ne Mailchimp, wanda aka kafa a Atlanta ta Amurka a 2001, Intuit ya saye shi a 2021 kan kimanin dala biliyan 12. Akwai Brevo na Faransa, wanda a da ake kira Sendinblue, da MailerLite, da Zoho Campaigns. Kusan duk suna da tsarin kyauta mai iyaka, sai dai iyakar tana canzawa, kuma Mailchimp ya rage tasa fiye da sau ɗaya, don haka a duba shafinsu ranar da za a yi rajista. Biyan kuɗin galibi da kuɗin waje ne, abin da ke nufin duk faɗuwar naira ƙarin kuɗin wata ne.

Abin da suke yi wanda Gmail na kyauta ba ya yi: kowane mutum ana aika masa wasiƙarsa shi kaɗai, har ana iya kiran sunansa a gaisuwa, adireshin da ya mutu suna cire shi, a ƙasan kowace wasiƙa akwai mahaɗin fita daga jeri, ana iya ware masu sayen hatsi daga masu sayen dabbobi. Sannan komai yana kan rumbunsu ne. Idan sabis ya ɗauke a gari, ɗan'uwa amintacce da ke Kaduna ko Funtua zai iya shiga asusun ya sanar da kwastomomi halin da ake ciki da lambar da za su kira.

Suna kuma nuna mutum nawa suka buɗe wasiƙa, amma wannan adadin ba abin dogaro ba ne sosai. Tun Satumban 2021 manhajar imel ta iPhone kan sauke abin da ke cikin saƙo da kanta ko mai wayar bai duba ba, sai a lissafa an buɗe. Wanda ya ba da amsa ko ya kira, shi ne lissafin gaske.

Ado daidai gwargwado

Wasiƙa mai tsari, mai kanun labari da hoto da maɓalli, ƙaramin shafin intanet ce da aka rubuta da harshen HTML. Kamfanonin aikawa suna da samfura da za a cike kawai, ba sai an iya rubuta lamba ba. Matsalar ita ce samfuran an yi su ne don masu intanet mai gudu, cike da manyan hotuna. Hoto ɗaya na kyamarar waya yakan kai megabayit uku ko fiye. Biyar a wasiƙa ɗaya sun isa su sa mai karatu a kan layi mai rarrafe ya rufe kafin ya ga farashi, balle tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Hoto ɗaya da aka rage wa nauyi ya wadatar.

Wani abin da ake yawan yi shi ne a zana farashin gaba ɗaya a cikin hoto, irin fostar da ake sawa a sitatus, a aika shi kaɗai. Wanda ya kashe sauke hotuna don tattalin data ba zai ga komai ba sai farin fili. Matatun da ke tace saƙonnin banza ma suna zargin wasiƙar da hoto ce zalla. Kuma bayan wata uku, idan mai saye ya rubuta "waken suya" a wurin bincike na akwatinsa don ya tuna farashin da aka ba shi, ba zai samu ba, tunda ba a binciken rubutun da ke cikin hoto ta wannan hanyar. Farashi a rubuta shi da haruffa, a sama, kafin duk wani ado.

Gmail yana yanke duk wasiƙar da rubutunta da lambobin tsarinta suka wuce kilobayit 102, ya bar mahaɗin ganin sauran a ƙasa, wanda mutane kaɗan ne ke latsawa. Abin da ke kumbura wasiƙa haka galibi kwafowa ne daga Word ko wani shafi, wanda ke jawo tarkacen da ido ba ya gani. Layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, rubutu mai girman da za a karanta ba sai an buɗa da yatsu ba, maɓallin da babban yatsa zai iya latsawa: iyakar tsarin da waya ke buƙata ke nan.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin dubawa, wato ƙ da ɗ da ɓ. Madannin Gboard yana da su idan aka ƙara Hausa a harsunansa, kuma imel na zamani yana ɗaukarsu lafiya. Amma wasu salon rubutu na ado ba su da waɗannan haruffa, sai su fito da wani salo daban a tsakiyar kalma, ko su zama ɗan akwati. Haka idan aka adana jerin sunaye daga Excel ba da tsarin UTF-8 ba, sunan da ke da ƙ yakan koma alamar tambaya, sai a gaishe da babban kwastoma da suna a karye. A zauna kan salo na gama-gari irin Arial, a kuma fara aika wa kai gwaji, a buɗe a waya biyu daban, kafin a saki.

Sai da izini

Talla ta imel ba tare da izini ba tsohuwar ɗabi'a ce. A 1978 wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta na DEC mai suna Gary Thuerk ya aika tallar kayansu ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, uwar intanet ta yau, ya sha suka. Tun daga lokacin ake ta gina katanga.

A Najeriya yanzu maganar ta doka ce. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ita ta kafa hukumar NDPC. Ta ba kowa 'yancin janye amincewarsa, da 'yancin cewa a daina amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye. Tarar ƙaramin mai sarrafa bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Don haka kwashe adireshi daga zauren tsofaffin ɗalibai, ko sayen "jerin 'yan kasuwa dubu goma" daga wani a Facebook, neman rigima ne, ga shi kamfanonin aikawa da kansu suna rufe asusun da suka kama da jerin saye.

Ko ba doka, na'ura tana hukunci. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ya tabbatar da sunan yankinsa ta hanyoyin da ake kira SPF da DKIM da DMARC, waɗanda aikinsu shi ne nuna cewa wasiƙar daga inda ta ce ta fito take, kuma dole ya sa hanyar fita ta latsawa ɗaya. Ana kuma son masu kai ƙarar saƙo a matsayin na banza kada su kai kashi 0.3 cikin 100, wato uku a cikin dubu. A lissafi, mai jerin mutum 300 ƙarar mutum ɗaya ta kai shi bakin iyaka. Wanda ya ɓoye mahaɗin fita don kada a gudu, ya tura wanda ya gaji da shi ne zuwa maɓallin ƙara.

Wannan tsauraran ya shafi mai amfani da kamfanin aikawa amma adireshinsa na gmail.com ne, domin ba shi da ikon tabbatar da yankin da ba nasa ba, sai wasiƙunsa su riƙa faɗawa kwandon saƙonnin banza ko kamfanin ya canza masa adireshin da ke fitowa. Mafita ita ce sunan yanki na kai, irin mai ƙarewa da .com.ng, wanda ake yi wa rajista ta hannun kamfanonin da ƙungiyar NiRA ta amince da su, ana sabuntawa duk shekara.

Tara jeri na halal ba wuya: a tambayi mutum lokacin ciniki, a sa mahaɗin rajista a sitatus, a rubuta ranar da ya amince. Mutum tamanin da suka ce a riƙa turo musu farashi duk Litinin sun fi dubu biyar da ba su san mai aikawa ba. Kuma idan an ce Litinin, ta zama Litinin, ko da abin faɗin layi huɗu ne.

Saura abu ɗaya da 2021 ta nuna ƙarara. Mutane da yawa sun kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail, wadda ke turo lamba ta tes zuwa layin waya. Tsaro ne mai kyau. Amma idan wayar ta ɓace, ko layin yana garin da babu sabis alhali wanda zai shiga asusun yana Kaduna, lambar ba za ta iso ba. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma takwas, ana amfani da kowace sau ɗaya. Suna cikin sashen tsaro na asusun. A kwafe su a takarda tun da sauran sabis, a ajiye tare da kwafin jerin kwastomomi na baya-bayan nan, kwafi ɗaya a gida, ɗaya a hannun ɗan'uwan da ke wani gari.